Ɗan Makaranta Da Rainon Itatuwa

A 'yan shekarun nan muna yawan jin kalmar muhalli a rediyo da kuma bakin malamanmu. Muhalli shi ne wurin da Allah ya zaunar da mu da duk abin da ke cikinsa, watau ƙasar da muke nomawa, da ruwan da muke sha, da iskar da muke shaƙa, da itatuwa da dabbobi. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in yi bayani a kan abu guda daga cikinsu, watau itace, da irin taimakon da ɗan makaranta zai iya bayarwa wajen raya shi, tun daga harabar makaranta har zuwa gonar mahaifinsa.

Da farko ya kamata mu san yadda hamada take cin ƙasa. Mutane da yawa suna zaton tana tahowa ne daga arewa kamar rundunar mayaƙa. Gaskiya ne akwai wurare irin su Yusufari a Jihar Yobe inda tuddan rairayi ke binne gonaki. Amma a yawancin wurare ƙasa tana mutuwa ne a inda take, idan aka tsiraita ta. Saiwar itace ita ce ke riƙe ƙasa, rassansa su rage ƙarfin iska, ganyensa kuma ya zuba ya ruɓe ya zama taki. In an sare itacen, sai iskar rani ta kwashe ƙasar sama mai albarka, ruwan damina kuma ya gangare da gudu maimakon ya nutse, ya bar kwazazzabo. Bayan 'yan shekaru gonar da ke cika rumbu sai ta koma faƙo.

Kakanninmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da amfanin gona ya ƙone, dabbobi masu ɗimbin yawa suka mutu, mutane suka bar garuruwansu don neman abinci. Tun daga wancan lokaci gwamnatoci suke ta kamfen na dashen itatuwa. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa babbar katangar itatuwa daga Sanagal zuwa Jibuti, tsawon kimanin kilomita 8,000, kuma jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna cikin shirin. To, amma duk wanda ya taɓa halartar bikin dashe ya san abin da kan biyo baya. Manyan baƙi su dasa, a tafa, a watse, sa'an nan a bar dashen ga awaki da zafin bazara. Dasa itace aikin yini ɗaya ne, rainonsa kuwa aikin shekara biyu ne ko uku. A nan ne aka fi yin sakaci, a nan ne kuma ɗan makaranta ya fi amfani.

Bari in kawo misali daga maƙwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Sai ya shawarci manoma su riƙa zaɓen reshe mafi ƙarfi, ɗaya ko 'yan kaɗan, a kowane kututture, su datse sauran da wuƙa mai kaifi, su kuma kare shi daga wuta da dabbobi. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 ta bazu daga manomi zuwa manomi, har masana suka ƙiyasta cewa an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba a sayi iri ba, ba a kuma ja ruwan rijiya ba.

Wani manomi zai ce itace yana hana amfanin gona samun rana. To, a dubi gawo. Shi gawo yana zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da gero ke bukatar rana, ya kuma yi sabon ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa. Saiwarsa da ganyensa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abinci ne ga tumaki da awaki. Shi ya sa za ka ga geron da ke gindin gawo ya fi na gefe kyau. Haka kuma kuka tana ba mu miya, ɗorawa ta ba mu daddawa, kaɗanya ta ba mu man kaɗe, bagaruwa kuwa da ita majema ke jima. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Kada wani ya ce ƙuruciya za ta hana shi. A 2007 wani yaro Bajamushe ɗan shekara 9 mai suna Felix Finkbeiner ya tashi a gaban ajinsu ya ba da labarin Wangari Maathai, matar nan ta Kenya wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a 1977, ta kuma sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004. Ya ce yara ma za su iya dasa itace miliyan ɗaya a kowace ƙasa. Cikin kimanin shekara uku yaran Jamus suka cika miliyan ɗinsu, kuma a 2011 yaron ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Da jawabin cikin aji aka fara.

Ga abin da nake ganin za mu iya yi a makaranta. Na farko, mu daina jefar da ledar ruwa. Leda ba ta ruɓewa da wuri, tana toshe magudanar ruwa, kuma mahauta sukan same ta cunkushe a tumbin dabbar da ta rame. In muka tara ta, muka yanke bakinta, muka huda gindinta, muka cika ta da ƙasa da taki, ta zama tukunyar rainon iri. 'Ya'yan darbejiya a shuka su da ɗanyensu, don ba sa jure ajiya. Ƙwayar gawo kuwa ɓawonta tauri gare shi, sai a ɗan kankare shi ko a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana. Na biyu, a yi dashen bayan damina ta zauna sosai. Na uku, kowane dashe ya sami mai shi. A rubuta sunan ɗalibi a jikin shingen, shi zai kewaye shi da ƙaya, shi zai ba shi ruwa, idan zai bar makaranta ya danƙa shi ga wani ɗan ƙaramin aji. Ruwan alwala da muke zubarwa sau biyar a rana ya isa ya raya dashe, in dai an tara shi a bokiti.

A gida kuma akwai ƙananan halaye da ke rage cin itace. A rufe tukunya in ana girki, a jiƙa wake kafin a dafa, a yi amfani da busasshen makamashi, a kashe ragowar wuta da zarar an sauke. Murhun da aka kewaye da laka ya fi na duwatsu uku tattalin itace, don iska ba ta kwashe zafin, hayaƙinsa kuma bai kai na wancan cutar da idon uwayenmu ba. Mu samari kuma mu bar cinna wa daji wuta don farautar gafiya, domin wutar nan tana cinye toho da ciyawar dabbobi gaba ɗaya.

Sai dai akwai hanyar da ya kamata a bi wajen kai wannan saƙo. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Iyayenmu sun fi mu sanin gona nesa ba kusa ba, saboda haka kada ɗalibi ya je gida da ɗaga murya yana cewa an koya mana a makaranta. Abin da ya fi shi ne, lokacin sharar gona ya roƙi mahaifinsa cikin ladabi ya bar masa kututture biyu ko uku a gefe guda ya yi musu sassaben zamani. In shekara ta zagayo, gani ya kori ji. Haka kuma ranar raba kyaututtuka, lokacin da iyaye suka taru, muna iya shirya wasan kwaikwayo a kan wannan batu, don abin da aka faɗa cikin raha ya fi shiga kunne.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, idan yaro ya zo da dashe a leda, ku ba shi wuri a tsakar gida ko a bakin gona, ku kuma taimaka masa da ɗaure akuya. Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa wanda ya dasa itace yana da lada muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na amfana da shi. Mu kuma ɗalibai, kowa ya ƙudura cewa ba zai bar makarantar nan ba sai ya bar itace guda mai rai da za a riƙa tunawa da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyashe mu daga fari, amin.