Layin farko na saƙon talla: abin da zai sa baƙo ya buɗe wasiƙar ɗan kasuwar Maraɗi

A garin Alboraya da ke gefen Balensiya a ƙasar Sifaniya, idan zafi ya shigo, mutane kan yi layi don sayen wani farin abin sha mai sanyi da suke kira horchata. Bahaushe da ya kurɓa zai gane shi nan take, domin kunun aya ne. Ayar da gonakin Balensiya ke bayarwa ba ta isar masana'antunsu, saboda haka suna cikawa da wadda ake kai musu daga Afirka ta Yamma, kuma Nijar na cikin masu kaiwa. Yawancin ayar Nijar kuwa a jihar Maraɗi ake noma ta, musamman wajen Agye da Madarumfa.

Tsakanin manomin da ya tone ayar da Baturen da ya niƙa ta akwai hannaye da yawa, kowanne da ladarsa. Shi ya sa matasan ƴan kasuwa masu waya a hannu ke lalubo adireshin kamfanoni a intanet, su rubuta musu imel kai tsaye, ba sani ba sabo. Tunanin daidai ne. Matsalar ita ce irin wannan saƙo sau da yawa ko buɗe shi ba a yi, kuma dalilin yakan kasance a ɗan layin nan guda da ke samansa, wurin da wayar da aka saita da Faransanci ke rubuta Objet, wato kan saƙo.

Kasuwancin Maraɗi bai saba da magana da baƙo haka kawai ba. Alhazan birnin, waɗanda Bafaranshen mai bincike Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun gina arzikinsu na gyaɗa da fatauci da Kano da Katsina a kan sanayya. Ubangida yana da baransa, bara yana da wanda ya tsaya masa, baƙon da ya zo da kaya yana sauka gidan mutumin da kasuwa ta sani. Kafin a yi maganar kuɗi, dillali ya riga ya faɗa wa mai saye ko wane ne wannan, me ya kawo, buhu nawa ne, kuma ko maganarsa ɗaya ce. Saƙon da aka aika wa wanda bai san mai aikawa ba ba shi da kowa a gabansa. Duk aikin dillalin nan ya koma kan layi guda, kuma layin gajere ne: a fuskar wayar hannu haruffa talatin zuwa arba'in ne kawai ke fitowa, sauran su yanke.

Akwai wani nauyi kuma da ɗan Nijar ke ɗauka ba da laifinsa ba. Tun shekarun 1990 ofisoshin Turai da Amurka ke shan wasiƙun damfara da aka fi sani da 419, lambar sashen dokar Najeriya da ke hukunta zamba. Ma'aikaci a Sifaniya ko Jamus ba lallai ne ya bambanta Nijar da Najeriya ba, ballantana ya san miliyoyin masu gaskiya da ke ƙasashen biyu. Abin takaici, kalmomin da sabon ɗan kasuwa ke ganin su ne za su ja hankali, su ne dai ƴan damfara suka lalata: "gaggawa", "babbar dama", "shawarar kasuwanci", "sirri", manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, da alamar motsin rai uku a jere. Wanda ya sa su ya sa rigar ɓarawo da hannunsa.

A ce wani matashi yana da aya a sito a Maraɗi, ya samu adireshin mai kula da saye a wani kamfanin Balensiya. Ya rubuta abin da ma'anarsa ita ce "Gaisuwa da fatan alheri, neman haɗin gwiwa". Ladabi ne, amma mai karɓa bai koyi komai ba, ga saƙonni da yawa suna jiransa, sai ya wuce. Da ya rubuta "Babbar aya ta Maraɗi, tan 20, girbin bana", da mutumin ya ga abu huɗu a kallo ɗaya: irin kayan, asalinsu, yawansu, da sabuntarsu. Kalmar "babbar" tana da amfani a nan, domin aya iri biyu ce a kasuwa, babba da ƙarama, kuma farashinsu ba ɗaya ba. Idan an kai samfuri ɗakin gwaji an tabbatar babu gubar funfuna da Turawa ke kira aflatoxin, wadda Tarayyar Turai ke sa wa ido sosai a kan kayan abinci, to wannan ya cancanci shiga layin tun kafin gaisuwa, don ita ce tambayar farko da mai sayen zai yi.

Gaisuwar ba a yar da ita ba. Wurinta cikin saƙon ne, bayan an buɗe.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. A Jiratawa, kudu da Maraɗi, akwai filin noman rani na sama da hekta 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, manoma na sarrafa shi cikin ƙungiyoyin haɗin kai tare da hukumar kula da filayen noman rani, wato ONAHA. Zogale na cikin abin da ya fi fita daga can, haka ma daga lambunan Tibiri na Gobir a bakin Gulbi. Yawancin cinikin nan a waya da WhatsApp yake ƙarewa, kuma hakan ya wadatar tsakanin mutanen da suka san juna. Amma otal a Yamai, ko babban kanti, ko ƙungiyar agaji mai sayen abinci da takarda, imel suke so, don shi ne ke zama shaida a fayil. Sakataren ƙungiyar mata da ya rubuta "Muna neman taimakonku" ya jefa saƙonsa cikin tarin masu roƙo, alhali kaya yake sayarwa. "Busasshen zogalen Jiratawa, kilo 50 duk mako" magana ce ta ciniki, kuma kalmomin "duk mako" suna amsa abin da ya fi damun mai dafa abinci a otal, wato ko kayan za su riƙa zuwa ba yankewa.

Sunan wani da ɓangarorin biyu suka sani ya fi kowace dabara ƙarfi. Idan jami'in Cibiyar Ƴan Kasuwa ta Maraɗi ko malami a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne ya ba da adireshin, kuma ya yarda a ambace shi, sunansa ya zo a farkon layi. Haka idan an haɗu a wajen baje koli, a faɗi sunan wurin. Sharaɗin shi ne abin ya zama gaskiya. Wasu na sa "Re:" a gaban saƙon farko don ya yi kama da amsar tsohuwar hira. Za a buɗe, amma da zarar mutum ya gane an yaudare shi a layin farko, babu dalilin da zai sa ya yarda da nauyin buhu ko ranar isar kaya. A Amurka ma doka ce: dokar CAN-SPAM ta 2003 ta haramta kan saƙon talla mai ɓatar da mai karatu. A Turai, dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018 ta ƙara tsaurara yadda ake amfani da adireshin mutum.

Ƙorafi kan saƙon tallan da ba a nema ba ya girmi yawancin masu aika shi. A watan Mayun 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation, Gary Thuerk, ya aika saƙo guda ga mutane kusan 400 a ARPANET, kakan intanet ɗin yau, kuma ya sha suka. Yanzu injuna ne ke tace saƙonni kafin mutum ya gani. Tun 2013 Gmail ke ware saƙonnin talla a wani aljihu daban, kuma daga Fabrairun 2024 Google ya gindaya wa masu aika saƙo 5,000 a rana sharaɗin kada masu ƙorafi su kai uku cikin dubu. Ɗan kasuwar Maraɗi ba zai kai wannan adadi ba, amma injin da ke lura da manya yana lura da ƙanana. Saƙo ɗaya da aka kwafa wa adireshi ɗari a lokaci guda ya fi saurin faɗawa kwandon shara fiye da saƙo goma da aka rubuta wa mutum goma, kowanne da sunansa da abin da kamfaninsa ke saye.

Sai batun harshe. Faransanci na Yamai ne da Kwatano, Ingilishi na Legas da yawancin masu sayen riɗi da fata a ƙetare, Hausa kuwa tana aiki sarai da Kano da Katsina. Wanda zai rubuta wa Sifaniya gara ya sa kalmar da su ke kiran aya da ita, chufa, ko da sauran layin da Ingilishi ne, domin ita idon mai sayen ke nema. Kuskuren rubutu a kan saƙo ya fi na cikinsa tsada, saboda haka a nemi wanda ya iya harshen ya duba waɗannan ƴan kalmomi kafin a danna aikawa. Sunan mai aikawa ma yana fitowa gefe da gefe da kan saƙon: cikakken suna da sunan ƙungiya ko shago, ba laƙabin samartaka da lambobi ba.

Masu sayar da manhajojin talla na yawan alfahari da adadin waɗanda suka buɗe saƙo. Wannan ma'auni ya raunana tun 2021, lokacin da Apple ya fito da tsarin da ke sa saƙo ya nuna kamar an buɗe shi ko da ba a karanta ba. Abin da ya dace a ƙirga shi ne amsa. Littafin shago ma ya isa: a rubuta ranar aikawa, sunan kamfani, kan saƙon da aka yi amfani da shi, da ko an amsa. Bayan wata biyu mutum zai ga da idonsa ko ambaton yawan kaya ne ke jawo amsa ko ambaton sakamakon gwaji. Idan shiru ya kai mako guda, a sake tuntuɓa sau ɗaya da sabon bayani, kamar hoton kayan ko tayin aika samfuri. Wanda ke rubuta wa Sifaniya kuma ya kauce wa watan Agusta, domin yawancin ofisoshinsu na hutu a lokacin.