Daga Maƙeran Italiya Zuwa Tashar Gaya: Labarin Motar Wagon

Yau maganar mota na kawo muku, amma fa ta shafi harkar fim.

A da can, a Italiya akwai ƙananan kamfanoni masu ƙera bodin mota da hannu. Sai su ɗauki salun, su yanke but ɗinta, su ja rufin har baya, su sa mata babbar ƙofa, ta koma wagon. Haka kamfanin Colli na Milan ya yi wa Alfa Romeo Giulia a shekarun 1960, har 'yan sandan kan hanya suka yi aiki da wasu. Da yake ɗaya bayan ɗaya ake yinsu, ba su da yawa, shi ya sa yanzu masu tara tsofaffin motoci ke rububinsu.

Mu tamu ita ce Fijo 504. 'Yar Faransa ce, ta fito a 1968, amma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana salun ɗinta. A 1975 PAN ta fara haɗa Fijo a Kaduna. Wagon ɗin, mai kujera layi uku, a haka take fitowa daga kamfani, kuma ta sha jigilar mutanen Gaya da Ajingi ta Wudil zuwa Kano.

Damuwata ita ce, 'yan gwangwan na ta yanka ragowar. Daraktocinmu na Kannywood, in labarinku na 1980 ne, sai ga Golf a tasha, ai an gama ɓata fim! Don Allah ku sayi ko ɗaya ce ku adana.