Zanen Manhaja Ba Ya Karanta Kansa

Kafin a rubuta manhajar kwamfuta, masana kan fara tsara aikinta, ko dai da zanen akwatuna da kibiyoyi irin na UML, wanda aka amince da shi a 1997, ko da alamomin lissafi irin tsarin B na Jean-Raymond Abrial. An ɗauka zane ya fi sauƙin ganewa, amma binciken Marian Petre na 1995 ya nuna karanta shi ma sai an koya.

A ce za a yi manhajar sakin ruwan madatsar Challawa da ke Karaye. Kibiya daga ƙofar ruwa zuwa gona ba ta faɗin yaushe za a buɗe, balle yawan ruwan. Manomi da injiniya duk za su gyaɗa kai, alhali kowa da fassararsa. Wani zai ce ai lissafi korar mutane yake yi. Haka ne, sai dai wanda lissafi ya shige wa duhu ya san bai gane ba, zai yi tambaya. Da tsarin B aka gina manhajar tsaron layin jirgin ƙasa marar direba da aka buɗe a Paris a 1998. Zane ya isa wajen shawara, amma inda kuskure zai cinye gona ko rai, lissafi ya fi.