Sandunan Golf Na Gwanjo: A Duba Ƙota Kafin A Duba Suna

Duk wanda ya fara zuwa filin golf, ko a Ikoyi ta Ikko ne, ko a Badun, ko Rayfield ta Jos, ba ya daɗewa sai ya gaji da aron sanda. To, a nan ne magana take tasowa, domin sababbin sanduna daga ƙasashen waje ake kawo su, kuɗinsu kuwa sai wane da wane. Saboda haka akasarin sababbin shiga gwanjo suke nufa, watau abin da mutanen Ikko ke kira tokumbo. Wannan ba abin kunya ba ne, don ƙarfe ba ya tsufa da wuri. Abin tsoro shi ne mutum ya zuba kuɗinsa a kan sandunan da suka dace da wani jiki dabam.

Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanda 14 a jakarsa, kusan rabinsu kuwa masu kan ƙarfe ne, kowace da lambarta. Kan nasu iri biyu ne. Akwai siriri mai shafaffen baya, wanda gwanaye suke so. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma ba ya yafe kuskure: in ƙwallo bai sami tsakiyar fuska ba, sai hannu ya yi zafi, ƙwallon kuma ya faɗi kusa. Akwai kuma mai rami a baya, wanda aka tura nauyinsa zuwa gefuna. Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka a 1959, shi ya yaɗa wannan ƙira, kuma samfurin Ping Eye 2 na 1982 har yanzu yana yawo a hannun 'yan gwanjo. Mai koyo, da wanda sai ran Asabar yake fita fili, irin wannan ya kamace su, ko da abokai za su ce ba shi da kyan gani.

Amma fa babbar magana tana ga ƙota. Manomi ya san fartanyar dogo ba ta yi wa gajere daɗin aiki, haka abin yake a nan. Ana rubuta ƙarfin ƙota da harafi a jikinta: L ita ce mafi laushi, sai A, sai R ta matsakaici, sa'an nan S da X masu tauri. Mutane da yawa sukan zaɓi S don kada a ce ba su da ƙarfi, alhali kuwa ƙota mai tauri a hannun mai sanyin bugu ba ta barin ƙwallo ya tashi sama, sau da yawa ma sai ta kai shi dama. Ga kuma nauyi. Ƙotar ƙarfe irin ta da takan kai giram 120 zuwa 130, ta garafait kuwa wata ba ta wuce rabin haka ba. Dattijo mai ciwon gwiwar hannu, in ya sayi mai nauyi don ya ga araha, kafin rami na 18 zai gane kurensa.

Sai kuma yadda kan yake zama a ƙasa. In mutum ya tsaya zai yi bugu, ya kamata tsakiyar gindin sandar ya taɓa ƙasa. In diddigen ne yake fara nutsewa, bakin ya ɗaga, ƙwallon mai bugu da dama hagu zai nufa. In bakin ne yake nutsewa, sai ya nufi dama. Mai sandar da bai san haka ba sai ya yi ta karkata jikinsa don ya gyara, har mugun bugu ya zame masa jiki, cire shi kuwa ya fi sayen wata sanda wuya. Gwajin ba wuya: a manna takarda mai danƙo a gindin sandar, a yi bugu a kan katako, a duba inda ta goge. Kamfanin Ping yakan sa ɗigon launi a kan sandunansa don nuna wannan kusurwa, baƙi shi ne na matsakaicin mutum. Kan da aka ƙera da dukan guduma yana lanƙwasuwa a wurin mai gyara da digiri ɗaya ko biyu, wanda aka zuba a mazubi kuwa ya fi gardama.

Kada lamba ta ruɗi mai saye. Sanda mai lamba 7 ta shekarun 1980 fuskarta takan kwanta da digiri 35 ko 36, amma wasu na yanzu ba su wuce 30 ba. Wanda ya tsinto ɗaya nan, ɗaya can, ya haɗa jaka, yana iya tarar da sanda biyu suna kai ƙwallo wuri guda.

Ba a cinikin biri a sama, don haka sai a riƙa kowace sanda a hannu. A fara da mai lamba 7 da gajerun nan na kusa da rami, su ne suka fi shan aiki. In tsagin fuska ya shafe, ko wurin bugu ya lotsa, ba ta da sauran amfani, don tsagin ne yake riƙe ƙwallo ya tsaya inda ya sauka. A duba tsatsa a ƙota, musamman sandunan da suka daɗe a raɓar bakin teku. Waɗanda suka yi aiki a busasshiyar ƙasar Arewa kuwa gindinsu ne yake cinyewa. A jera su a jikin bango a ga tsawonsu yana raguwa daki-daki, kuma ƙotocin iri ɗaya ne. A murɗa kan a hankali, in ya motsa, gam ya saki. Jabu ma suna nan, masu ɗauke da manyan sunaye, akan gane su daga fenti mai kauri da rubutu marar tsabta, da kuɗin da ya yi araha fiye da kima.

Robar mariƙi ita kaɗai ce ba ta isa ta hana ciniki ba, don ana sake ta cikin ɗan lokaci. Sai dai a ƙidaya kuɗin sabuwa sau bakwai ko takwas, a cire daga abin da za a taya. In mai sayarwa ya yarda, a kai sandunan fili a buga ƙwallo 20 ko 30 a gaban malamin wasa na kulob, ko wani tsohon mai ɗaukar jaka da ya daɗe yana kallon bugun mutane, kafin a miƙa kuɗi.