Gangar lantarki ta koyo a gida: a duba kafin a biya

Matasanmu da dama na son koyon kiɗan gangar Turawa, amma ƙararta na hana maƙwabta barci. Shi ya sa ake neman ta lantarki: da abin sawa a kunne, mai kiɗa kaɗai ke jin sautin.

In kuɗin ba su da yawa, kada yawan sautuka ya ruɗe ku. Ku fara duba fatar. Ta raga, kamar ta Alesis Nitro Mesh, ta fi ta roba shiru, kuma sanda na dawowa hannu kusan kamar a ganga ta gaske. In ta hannu ce za ku saya, ku buga kowane faifai, ku taka fedar ƙafa, ku ji ko akwatin sautin na amsawa.

Ku kuma ƴan uwa na waje da ke aikowa: wutar NIGELEC 220 ce, ta Amurka 120. Ku karanta jikin cajar. In ba a rubuta 100-240V ba, tana iya ƙonewa tun ranar farko, kuɗi su tafi a banza. In ta iso, muna ba da shawara a riƙa rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu.