Abubuwan da ya kamata ka sani game da kishin Canon, Nikon da Sony a tsakanin masu ɗaukar hoto

A wajen walima ko ɗaurin aure a Gusau, idan masu hoto biyu suka haɗu, kafin su gama gaisawa kowa ya riga ya duba abin da ke rataye a wuyan ɗan'uwansa. Lens ake dubawa, wato idon kyamara. In an ga jan zobe a bakinsa, an san na Canon ne mai tsada, sai a fara kallon mai shi da daraja. Daga nan musu ya tashi: wannan ya ce kalar Canon ta fi dacewa da fatarmu, wancan ya ce Sony ta wuce kowa a bidiyo. Matasa da yawa na cin bashi saboda irin wannan musu.

Me ya sa mutum ke manne wa kamfani ɗaya?

Kowanne daga cikin Canon, Nikon da Sony yana da nasa bakin da ake ɗaura lens a jikin kyamara, kuma na wani ba ya shiga na wani. Nikon ta fito da bakin F a 1959. Canon ta yi watsi da tsohon bakinta na FD a 1987, ta kawo EF, abin da ya ɓata wa tsofaffin masu saye rai ƙwarai. Wanda ya tara lens uku ko huɗu na kamfani guda, da batura da filasha, in zai sauya sheƙa sai ya sayar da komai a kan asara. A ganina, mafi yawan abin da ake kira ƙaunar kamfani kuɗin da aka riga aka zuba ne ke magana.

Me ya canza a 'yan shekarun nan?

A 2013 Sony ta fitar da A7, kyamara marar madubi a ciki, mai ƙaramin jiki. Kasuwa ta fara karkata gare ta, sai a 2018 Nikon ta kawo bakin Z, Canon ta kawo RF, domin nasu kyamarori marasa madubi. Tun daga lokacin sababbin lens na waɗannan bakuna ake ta yi, masu tallar kaya a YouTube kuma suna nuna kamar wanda bai sauya ba an bar shi a tasha.

Abin da ba a cika nanatawa ba shi ne, kamfanonin da kansu sun yi adafta. Tsohon lens na EF yana aiki lafiya lau a kan sabuwar Canon, Nikon ma tana da nata mai suna FTZ.

Shin mai tsadar ya fi da gaske?

Ya fi, amma a duba da nawa. Lambar da ke jikin lens, kamar f/1.8, tana nuna iyakar buɗewar idonsa. Ƙanƙantar lambar, yawan hasken da ke shiga, kuma bayan mutum ya ƙara narkewa a hoto. Ƙaramin lens na Canon mai 50mm f/1.8 da ya fito a 2015 kusan dala 125 aka sa masa. Babban yayansa RF 50mm f/1.2 na 2018 ya fito a kan dala 2,299. Hasken da yake sha ya ninka na ƙaramin sau biyu da ɗan ɗoriya, kuɗinsa kuwa ya ninka wajen sau 18.

Sai a tambayi kai: ina hoton zai ƙare? Amarya a Tudun Wada za ta karɓe shi ta WhatsApp, wanda ke matse hoto, ta ɗora a Instagram, dangi su kalla a fuskar waya. A can, abin da ido ke kamawa shi ne ko fuska ta sami haske, ko lalle ya fito, ko an kama lokacin da uwar amarya ta share hawaye. Canon 5D Mark III ta 2012 tana yin wannan aiki har gobe.

Lissafin mai hoto a Zamfara

Da dala ake sayen waɗannan kaya, da naira ake biyan aikin biki. Bayan da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin hoton suna ko na saukar Alƙur'ani bai bi ta ba. Ga ƙurar hunturu da ke shiga kyamara duk lokacin da aka cire lens, ga gyara mai wuya da sau da yawa sai an aika Kano ko Legas. Wanda ke hawa babur daga Bungudu ko Tsafe da jakar kaya a baya ya san nauyin kowane ƙarin gilashi, ya kuma san halin da hanya take ciki.

Akwai sauƙi ɗaya: yayin da masu hoto a Turai da Amurka ke komawa sabon baki, tsofaffin lens ɗinsu na shigowa kasuwar kayan hannu. Ga kuma Sigma da Tamron, masu yin lens na bakunan wasu kamfanoni a farashi mai rangwame.

Ɗan'uwa mai sana'a, kafin ka sayi na hannu, haska shi da fitilar waya ka duba ƙura, tsaga ko tabo a cikin gilashin, ka ɗaura shi a kyamararka ka gwada a wurin. In kana da rarar kuɗi, fara da fitila mai kyau da makirfo da ƙarin batir. Lens mai jan zobe ya jira sai ranar da kuɗin aiki ya isa ya saye shi ba tare da bashi ba.