Yadda Taimako Ke Isowa Idan Sanƙarau Ya Faɗo

 

Yau ina so in amsa wata magana da ake yawan yi mini a ɗakin magani, tun ba in hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai ba. Mutum ya kawo ɗansa wuya a sanƙare, an yi masa allura an kwantar da shi, sai ya ga na jawo babban littafi ina tambaya: daga wane gari kuke, yaushe ciwon ya soma, akwai wani a gidan da ya kwanta? Sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Malam, magani muka zo nema, ba ƙidaya ba." Wani kuma ya tare ni a hanya ya ce, "Ga mutane suna ta kwantawa, ina allurar rigakafin da aka ce Gwamnati tana da ita?" Maganganun nan biyu amsarsu ɗaya ce, gama littafin nan da kuke gani shi ne ke kiran allurar. To, ku biyo ni in nuna muku hanyar tun daga farko.

Ku sani dai sanƙarau ba ciwon garinmu kaɗai ba ne. Akwai wani yanki na Afirka da ya miƙe tun daga Sanagal a yamma har Habasha a gabas, ƙasashe 26, inda ciwon nan yake tasowa da rani, daga wajen watan Disamba har saukar damina. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna tsakiyarsa sosai. Ƙura da busasshiyar iska suna ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta sami ƙofar shiga jiki. Tana bin tari da atishawa da kwanan cunkoso a ɗaki marar taga. Abin da ya fi wuya kuwa shi ne mutum yana iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa alhali lafiyarsa lau. Ya ci kasuwar Maigatari yau, gobe ya kwana wurin 'yan'uwansa a Dungas. Ya bar Illela da safe, azahar ta same shi a Ƙonni. Wa zai tare shi? Ma'aikacin kwastan yana binciken kaya, amma ba ya duba maƙogwaro.

Manya daga cikinku ba su manta da shekarar 1996 ba. A Nijeriya kaɗai fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. In aka haɗa da sauran ƙasashen yankin, daga 1996 zuwa 1997, waɗanda suka kamu sun kai wajen 250,000, waɗanda suka rasu wajen 25,000. A lokacin kowace ƙasa ta tashi tana neman allurar rigakafi gaba ɗaya, masu yin ta kuwa ba su da yawa. Wanda ya riga kai kuɗi ya kwashe, ko da nasa ciwon bai yi tsanani ba. Wanda gidansa ke cin wuta ya zo ya tarar babu.

Saboda haka a 1997 aka kafa wani kwamiti na ƙungiyoyi huɗu, ana kiransa ICG a taƙaice: Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF mai kula da yara, da ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ƙungiyar agaji ta Red Cross. Aikinsu kamar na mai riƙon mabuɗin rumbun tsimi ne. Ana tanadin allura tun kafin rani, ba ta kowace ƙasa ba ce, ta wanda annoba ta faɗa wa ce. In ƙasa ta aika da roƙo, ƙa'idarsu ita ce su yanke shawara cikin kwana 2 na aiki, allura kuma ta iso cikin kamar mako guda. Daga baya aka yi irin wannan tanadi domin shawara, da kwalara a 2013, da Ebola a 2021.

Amma fa ba a buɗe rumbun nan da kuka ko da waya daga wani babban mutum. Da lissafi ake buɗe shi. A nan ne littafina ya shigo.

Duk wanda aka kawo da alamun sanƙarau, watau zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, tilas in rubuta shi, in sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Shi ya haɗa nawa da na sauran ɗakunan magani ya aika Jiha, Jiha ta aika Abuja wurin hukumar yaƙi da cututtuka, NCDC. A can Nijar ma haka suke yi, daga likitar ƙauye zuwa gunduma, zuwa Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, har Yamai. Sa'an nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara na ƙasashen yankin duka mako-mako, kowa ya ga inda wuta ke tashi.

Akwai ma'auni biyu. A gundumar da ke da mutum 100,000, in aka sami mutum 3 cikin mako ɗaya, to, an shiga faɗakarwa: a zo a bincika, a shirya magani. In suka kai 10 cikin mako ɗaya, annoba ke nan, a nemi allura. A ƙaramin wuri da bai kai mutum 30,000 ba, mutum 2 sun isa faɗakarwa, 5 annoba. Ku dubi ƙanƙantar lissafin nan. Yaro ɗaya da aka ɓoye a ɗaki, ko aka kai wa wanzami ya yi masa tsaga a ƙeya, ko aka binne ba a faɗa wa kowa ba, yana iya zama shi ne zai cika goma. In bai shiga littafi ba, a takarda garinku lafiya yake.

Na taɓa ganin haka da idona. A wani ƙauye da na yi aiki, mai gari ya hana a yi maganar, domin yana tsoron a hana cin kasuwa, ga kuma biki gidansa ya matso. Mutumin kirki ne, ba mugunta ya nufa ba. Amma sai da yawan jana'iza ya tona asirin, kafin a zo kuwa ciwon ya riga ya shiga ƙauyukan da ke kewaye. Har yau in na tuna ba na jin daɗi, gama ni ma na ji ƙishin-ƙishin ban bi diddigi da wuri ba.

Sai kuma maganar ɗibar ruwan ƙashin baya, wadda iyaye mata suka fi tsoro. Ana cewa wai ita ke gurgunta yaro. Ba haka ba ne. Ciwon ne ke kurmantarwa ya gurguntar, in ya daɗe ba a yi magani ba. Dalilin ɗibar ruwan shi ne ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, an yi musu suna da haruffan boko: A, C, W, X, Y. Allurar da ke tare wannan ba lalle ta tare wancan ba, masu riƙon rumbu kuwa ba za su aiko da allura ba sai an nuna musu irin da ya faɗo. Ɗan ruwan nan da bai cika cokali ba, shi za a kai ɗakin gwaji, shi zai faɗi allurar da za a yi wa dubban yaran gundumar.

Ga misali. Da can irin A ne ya fi kashe mu. A Disamba 2010 aka soma wata sabuwar allura, MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo baya a 2011, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A Indiya aka yi ta, da araha ƙwarai, domin Afirka musamman. Labudda ta yi aiki, irin A ya kusa ɓacewa. Sai mutane suka saki jiki suka ce an gama da sanƙarau. Ashe irin C yana tafe. An fara ganinsa a Jihar Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Yamai da Doso a 2015 inda fiye da mutum 8,000 suka kamu, sa'an nan ya tashi a Zamfara a ƙarshen 2016. Labari bai isa sama da wuri ba, gwaji ya yi jinkiri, ba a soma allura ba sai watan Afrilu na 2017, kashin farko kuma 500,000 ne kawai. Kafin damina ta kashe wutar, fiye da mutum 14,000 sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 sun rasu. Masana sun ce in ana so allura ta tare annoba sosai, a yi ta cikin mako 4 da ƙetare ma'aunin. Ku lissafa da kanku daga Disamba zuwa Afrilu.

Yanzu ga wata magana domin ku mutanen bakin iyaka, ita ce ma ta fi damuna. Sau da yawa akan kawo mini marar lafiya daga tsallake, in na tambayi garinsu sai a ba ni sunan garin mai masaukinsu, don tsoron kada a kore su ko a ce su biya kuɗi mai yawa. Na san namu ma haka suke yi in sun je can. Ku bari. Ciwo ba ya da takardar ƙasa, mai magani kuma ba ɗan sanda ba ne. In ka ɓoye garinku, ka yi ɓarna biyu: ka sa an ɗora lissafi a kan garin da ba can ciwon yake ba, ka kuma hana a gargaɗi mutanenku. A ƙarshen 2022 sanƙarau ya tashi a jihar Damagaram, ya fi tsanani a gundumar Dungas, a wannan ranin kuma ya kama Jigawa da ke maƙwabtaka da ita. Gwaji ya nuna irin C ne nan da can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi da naka, amma sai in an gaya maka ya kama.

Gwamnatoci suna shiri suna ɓatawa. A 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar wata da watanni, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Wannan maganar manya ce, ba tawa ba. Abin da na sani shi ne ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma bisa dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta 2005, ƙasar da ta tabbatar annoba tana iya ƙetare iyaka tilas ta sanar cikin awa 24.

To, in allura ta iso, me ya rage? Saura rabon aiki. Kun san gayya. In aka taru a gona ba mai raba kunya, sai kowa ya tsaya bakin hanya inda ake ganinsa, ƙarshen gona ya kwana da ciyawa. Haka masu agaji suke in ba mai tsara su: mota uku a garin da ke bakin titi, ƙauyen bayan fadama ko babur bai gani ba. Saboda haka akan buɗe zaure guda a Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, kowace ƙungiya ta zo ta faɗi abin da ke hannunta. Wannan ta ɗauki kwantar da marasa lafiya, waccan motoci da mai, wata ƙanƙara da akwatunan sanyi, gama yawancin allurai in zafi ya buge su sun lalace ko da ido bai gani ba. 'Yan agaji su bi gida-gida, hakimai da dagatai da limamai su yi shela. Zaman nan ba ya da daɗi, akan yi gardama, akan kuma ɓata lokaci. Duk da haka na fi son gardamar zaure da a yi wa gari ɗaya allura sau biyu a tsallake na kusa da shi.

Wani zai ce, baƙin nan masu kawo taimako, mun amince da su? Tambaya ce mai kyau, ba kuwa zan ɓoye muku dalilinta ba. A annobar 1996 wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara wajen 200 a Kano, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, magana ta kai kotu, ba a yi sulhu da Gwamnatin Kano ba sai 2009. Abin ya bar tabo a zukatan mutane. Shi ya sa ya kamata duk mai kawo taimako ya biyo ta ƙofar hukuma. In aka zo muku da allura, kuna da ikon tambaya: ta mene ne, wa ya aiko, ina malamin ɗakin maganinmu, mai gari ya sani? Wanda ya zo da gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar ɗin nan gaba ɗaya, daga rumbun nan da na gaya muku aka ɗebo ta. In an yi shelarta a garinku, ku kai yara da samari da 'yan mata, ko da an yi musu ta irin A a baya, ku kuma adana katin. Allura ba ta soma tsaro sai bayan kamar kwana 10, saboda haka wanda ya kwanta a tsakanin nan ba ita ta jawo masa ba, a kawo shi. Rigakafi kuma ba magani ba ne ga wanda ya riga ya kamu. Shi allurar magani ake yi masa, kwana 5 a jere lokacin annoba, kada a ɗauke shi a kwana na biyu don an ga ya buɗe ido ya nemi kunu. In ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu ba su tashi, wani ma cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka kada a jira gari ya waye, kada a jira mai gida ya dawo daga kasuwa.

Wanda ya warke, a komo da shi bayan mako biyu ko uku mu gwada jinsa, gama kurumta takan biyo baya ba a lura ba sai yaro ya shiga makaranta. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.